Yadda Ake Shirya Hutun Mako Ɗaya a Bakin Tekun Legas Daga Zariya

Duk mutumin Zariya da ya yi niyyar kai iyalinsa su ga teku, Legas ce ta fi masa sauƙin isa, ita ce kuma ta fi saurin gajiyar da baƙo idan bai shirya mata ba. Tsarin da ya fi ba da hutu shi ne a kama masauki guda, a sauke kaya sau ɗaya, a riƙa fita da safe a dawo kafin magariba, wuri ɗaya tak a rana. Dare bakwai sun isa. Ƙasa da dare biyar, hanya ce za ta cinye hutun.

Fara da zaɓen wata

Daminar Legas takan kankama daga Afrilu zuwa Yuli, Yuni ne ya fi ruwa. Akan samu ɗan sarari a Agusta, ruwan ya dawo a Satumba da Oktoba. Daga Nuwamba zuwa Maris ne sama ke washewa, teku ma ta fi lafawa. A cikin waɗannan watannin, ka tsallake rabin ƙarshe na Disamba: lokacin ne 'yan Najeriya mazauna ƙasashen waje ke dawowa gida, kuɗin masauki da na jirgi ya yi tashin gwauron zabo, bakin teku ya cika da kiɗa har dare. Nuwamba, da tsakiyar Janairu zuwa Maris, su ne zaɓin mai son natsuwa.

Mai yara 'yan makaranta ba shi da wannan sararin, sai ya bi hutun zango. Hutun Afrilu ya fi dogon hutun Agusta dacewa da teku. Agusta akwai sanyi mai daɗi, amma igiyar ruwa ta fi ƙarfi a tsakiyar damina, kwale-kwale ma yakan wahalar da wanda bai saba ba. Ka duba kalandar Musulunci kada makon ya faɗa cikin azumi ko jajibirin Sallah.

Masauki: a nan hutun ke gyaruwa ko ya ɓaci

Cunkoson Legas yana da alƙibla. Da safe jama'a na kwarara daga Ajah ta gabas, da Ikeja, Ojo da sauran unguwannin tudu, zuwa wuraren aiki a Victoria Island, Ikoyi da tsibirin Legas. Da yamma su juya. Wanda ya sauka a tsakiyar inda ake kwararowa, wato Victoria Island, Oniru, Ikoyi ko Lekki Phase 1, zai riƙa fita da safe ta hannun da babu motoci sosai, ya dawo da yamma ta hannun da ya sake zama fili. Wannan kaɗai yana iya rage maka awanni a kowace fita.

Kuskuren da aka fi yi shi ne sauka wurin 'yan uwa a Agege ko Idi-Araba don a rage kuɗi, ko kama gida mai araha can bayan Ajah. Zumunci abu ne mai kyau, a ware masa yini guda. Amma daga Agege zuwa bakin ruwa a ranar aiki, yara za su gaji tun a mota, maigida ya dawo da ciwon kai, kuɗin da aka ce an rage ya tafi a motar haya.

Ga iyalin da ya kai mutum huɗu zuwa shida, gidan haya na 'yan kwanaki mai ɗaki biyu ko uku da kicin ya fi otal, saboda girki da kuma sirrin mata. Kafin ka tura ko kwabo, ka nemi a zagaya da kai gidan ta kiran bidiyo kai tsaye, har ƙofar gida da titin da ke gabanta, domin akwai masu tallata gidan da ba nasu ba da hotunan aro. Sannan ka yi waɗannan tambayoyi, ka sa a ba ka amsa a rubuce:

Awa nawa ake samun wuta, kuma idan Nepa ta ɗauke, janareta ne ko inbata? Inbata da yawa ba ta ɗaukar na'urar sanyaya ɗaki, kuma daren Legas ba fanka ba iya-kwandishan ba ya kwantuwa ga wanda ya saba da busasshiyar iskar Zazzau. Wa ke sayen katin mita? Ruwan famfon fa? Rijiyoyin burtsatse a sassan Lekki sukan ba da ruwa mai launin ƙasa-ƙasa ko ɗanɗanon gishiri idan ba a tace ba, yana ɓata fararen kaya. A buɗe famfo ka gani a bidiyon. Titin yana cika da ruwa idan an yi sama? Hawa na nawa ne, akwai tsoho a tafiyar? Nawa ne kuɗin ajiya na ɓarna, kuma kwana nawa ake ɗauka a mayar? Ranar shiga ka ɗauki hoton duk abin da ka tarar a fashe ko a lalace, ka tura wa mai gidan nan take. Rashin yin haka ne ke sa kuɗin ajiya ya maƙale.

A ba da kafin alƙalami kaɗan, cikon sai an shiga an gani.

Hanya daga Zariya

Jirgin sama daga Kaduna ko Kano zuwa Legas kimanin awa ɗaya da rabi ne. Kaduna ta fi kusa, wajen kilomita 80, amma Kano ta fi yawan jirage, don haka idan an soke ɗaya an fi samun madadin. Hanya ta uku ita ce jirgin ƙasa daga Rigasa zuwa Idu a Abuja, layin da aka buɗe a 2016, sannan jirgin sama na kusan awa ɗaya. Wanda ya zaɓi wannan kada ya haɗa su a takure; ya bar aƙalla awa huɗu tsakanin isar jirgin ƙasa da tashin na sama, ko ya kwana Abuja. A lokacin hunturu hazo kan jinkirta jirage a Arewa, musamman da sassafe, saboda haka kada ka biya kuɗin wata fita a ranar isa.

Ka nemi jirgin da zai sauka filin jirgin Legas da ke Ikeja tsakanin ƙarfe 11 na safe da 3 na rana. Mai sauka da sassafe zai bi ayarin ma'aikata ya hau gadar Third Mainland, mai tsawon kilomita 11.8, a daidai lokacin da ta fi cika.

Mota daga Kwangila ta fi araha nesa ba kusa ba, amma tafiya ce ta kusan kilomita dubu, yini da dare. Idan ita ce daidai aljihu, a bi ta Abuja da Lokoja, a raba tafiyar biyu a kwana a hanya, a guji tafiyar dare, a kuma ƙara kwana guda na hutawa a kowane ɓangare. Kai motarka cikin Legas ba dabara ba ce ga baƙo: titunan hannu ɗaya ba su da alama ko'ina, layin bas na BRT haramun ne ga motar gida, tarar kuma mai nauyi ce.

Zirga-zirga a cikin gari

Gajerun fita a yi su da Uber ko Bolt, motocin haya da ake kira ta manhajar waya. Don doguwar fita kamar Badagry, a yi shatar mota da direba na yini, a daidaita tun daren jiya: kuɗin ya haɗa da mai? Kuɗin fakin da abincin direba fa? Ƙarfe nawa yinin ke ƙarewa, kuma nawa ne awa idan an zarce? Kada ka sa rai da acaɓa kamar a Sabon Gari. Tun Yunin 2022 gwamnatin Legas ta hana shi a ƙananan hukumomi da suka haɗa da Eti-Osa, inda Victoria Island da Lekki suke, kuma kamen kan haɗa da fasinja.

Tsarin kwanakin

A isa ranar Talata, a koma Talata. Dalilin shi ne bakin teku a ranakun aiki ba kowa, Asabar da Lahadi kuwa kiɗa ne da shaye-shaye da cinkoso, abin da mai iyali ba zai so ba. Lahadi da safe kuma ita ce lokacin da manyan tituna suka fi sarari, sai a ba doguwar tafiya.

Laraba ta hutawa ce. A yi cefane, a gano masallaci da kantin magani mafi kusa, da la'asar a je bakin ruwan da ke kusa da masauki a ga teku da ido, ba shiga. Galibin wuraren nan na 'yan kasuwa ne, ana biyan kuɗin ƙofa, wasu suna cajin kujera da rumfa daban, wasu ba sa barin a shiga da abinci. A tambaya a ƙofa kafin a biya. Idan wani ya ce maka ku je Bar Beach, labarinsa tsoho ne: an cike wurin da yashi an gina sabuwar unguwar Eko Atlantic. Aikin babbar hanyar gaɓar teku ta Legas zuwa Kalaba da aka fara a 2024 shi ma ya taɓa wasu wuraren shaƙatawa a Oniru da Lekki, don haka a buga waya a tabbatar wuri na aiki kafin a tashi.

Alhamis, Tarkwa Bay. Wannan ita ce ranar teku ta gaske. Ba a zuwa da mota, sai jirgin ruwa daga Victoria Island, Falomo ko Marina, tafiyar minti 15 zuwa 20. Abin da ya bambanta wurin shi ne katangar duwatsun da aka yi don kare mashigar tashar jiragen ruwa tana karya ƙarfin igiya, sai ruwan ya fi na sauran wurare laushi. A tashi ƙarfe 8:30, a juyo kafin 4. Kowa ya sa rigar kariya ya ɗaure maɗaurinta kafin jirgi ya motsa, kuma a nemi ta yara daidai jikinsu. Babbar riga kan zame ta kan yaro idan ya faɗa ruwa. Jirgin da aka cika fiye da kujerunsa, a bar shi ya tafi. A karɓi lambar mai jirgin, kada a biya kuɗin dawowa sai an dawo. A tafi da tsabar kuɗi ƙanana, ruwan sha lita biyu ga kowane babba, abinci daga gida, da ledar da za a sa wayoyi.

Juma'a ta tsibirin Legas ce. Da hantsi a shiga gidan tarihi na ƙasa da ke Onikan, wanda aka buɗe a 1957, sannan a wuce Babban Masallacin Legas a titin Nnamdi Azikiwe a yi Juma'a. Masallacin Shitta-Bey na titin Martins, da aka buɗe a 1894, yana nan kusa, ya cancanci a tsaya a dubi gininsa. Kasuwar Balogun ma nan take, ga atamfa da leshi, amma matsatsi ne sosai. Wani babba ya koma gida da yara, masu sayayya su shiga da jaka a gaba, su fito kafin 4.

Asabar kada a sa komai. Wanki, barci, ko ziyarar 'yan uwa. Wannan ranar da ake ganin kamar asara ita ke sa a iya Lahadi.

Lahadi, Badagry. A fita ƙarfe 6:30, ta Mile 2, Ojo da Agbara. A sa ran awa biyu zuwa uku. Kowane babba ya riƙe katin shaida, domin hanyar Seme ce, iyakar Najeriya da Jamhuriyar Benin, shingayen jami'ai suna da yawa, kuma kada a sayo shinkafar waje a dawo da ita. A garin akwai benen da aka kammala a 1845 wanda ake kira bene na farko a Najeriya, da gidajen tarihin cinikin bayi inda ake ajiye da sarƙoƙi da mari, har da kurkukun bayi na dillalin bayi Seriki Williams Abass. Daga nan ake tsallaka ruwa na 'yan mintuna zuwa tsibirin Gberefu, a taka da ƙafa cikin yashi zuwa bakin tekun da a da ake loda bayi a jirage. Tafiyar ƙafar ba inuwa, don haka a fara da ita tun rana ba ta take ba, gidajen tarihi su biyo baya. Tsoho ko mai ciki ya jira a gari. A daidaita kuɗin ɗan jagora kafin ya buɗe baki, a kuma yi wa yara bayani tun a mota, abin da za su gani yana da nauyi. A baro garin ƙarfe 2:30.

Litinin rabin yini ne: gandun dajin Lekki Conservation Centre, mai faɗin hekta 78, da aka kafa a 1990. Akwai gadar katako a cikin fadama, da gadar igiya a saman itatuwa mai tsawon mita 401. Ba a barin ƙananan yara su hau ta sama, akan kuma rufe ta idan ana ruwa. A sa takalmi rufaffe. Birai suna fizgar leda da duk abin da ya yi kama da abinci, a ɓoye shi cikin jaka. Da yamma a haɗa kaya.

Mai sha'awar kifi yana iya musanya wata rana da kasuwar kifi ta Epe, sai dai hanyar tana da tankoki da manyan motocin da ke zuwa yankin matatar Dangote. Kada a haɗa Epe da Badagry a kwanaki biyu a jere.

Teku ba Kubanni ba ce

Wannan sashen a karanta wa kowa da ke cikin tafiyar. Wanda ya koyi iyo a kogin Kubanni ko na Galma ya san ruwa mai tafiya gefe guda. Tekun Atlantika a Legas tana da gangare mai saurin zurfi, igiya tana dukan mutum ta kayar da shi, ruwan da ke komawa ya kwashe yashin ƙarƙashin ƙafarsa. Mafi haɗari shi ne inda ruwan da igiyoyi suka tara a gaɓa yake samun ƙofa ya koma ciki da gudu. Wurin yakan yi kama da mafi lafiya: igiya ba ta fashewa a nan, launinsa ya fi duhu ko gurɓata, kumfa da shara suna tafiya ciki maimakon waje. Baƙo yakan zaɓi daidai nan don ya ga ba hayaniya.

Wanda irin wannan ruwan ya ja kada ya yi kokawar komowa kai tsaye, gajiya ce ke nutsar da mutum. Ya kwanta ta baya ya sha iska, ya ɗaga hannu, idan ya iya iyo ya bi gefe, daidai da tsawon gaɓa, har ya fita daga jan. Na tudu kada su faɗa bin sa. Su kira masu ceto na wurin, su jefa abin da ke yawo a ruwa. Lambar gaggawa a Legas 112 ce ko 767.

Wanda bai iya iyo ba, ruwa kada ya wuce gwiwarsa. Yara iya idon sawu, hannunsu cikin na babba, babba ɗaya ga yara biyu, shi kuma ba waya a hannunsa. Kada a juya wa teku baya don ɗaukar hoto. Ruwa yana cika yana janyewa sau biyu a yini, kimanin awa shida tsakanin cika da janyewa, don haka tabarmar da aka shimfiɗa a busasshen yashi da safe tana iya shan ruwa da azahar. A shimfiɗa sama da layin sharar da ruwa ya bari.

Sutura ma tana da hannu a ciki. Dogon hijabi, zani, jallabiya da babbar riga idan suka jiƙe suna nauyi, suna naɗe ƙafa. Matan da za su taka ruwa su sa dogon wando da riga mai dogon hannu da ta sauko zuwa gwiwa, marar nauyi, da ƙaramin hijabi da ba ya ja. An suturta, an kuma tsira.

Salla, abinci da lafiya

A mazhabar Malikiyya, matafiyin da ya yi niyyar zaman kwana huɗu cikakku a wuri yana cika salla, don haka ƙasaru ta hanya ce kawai, a masauki a cika. Legas tana yamma da Zariya, azahar takan shiga bayan ta gida da kimanin kwata na awa. A sauya gari a manhajar lokutan salla, kada a bi agogon da aka saba. Ruwan teku mai tsarki ne, ana alwala da shi. A riƙa yawo da darduma da ƙaramar buta, ba ko'ina ake samun wurin salla a bakin ruwa ba.

A taho da guzurin da ba ya lalacewa: kilishi, dambun nama, garin kunu, yaji, kuka da daddawa. Karin kumallo da abincin dare a gida, na rana kaɗai a waje. Nan ne ake rage kashe kuɗi. A gidan abinci a tambaya ko ana dafa naman alade a kicin ɗin, ko ana sa giya a miya. Mai marmarin tsire ya nufi Obalende da yamma, zai ji Hausa ta ko'ina. Kifi, jatan lande da ƙaguwa halal ne, amma wanda bai taɓa cin jatan lande ba ya fara da kaɗan, a gida, da rana. Ƙaiƙayi, kumburin leɓe ko sarƙewar numfashi alama ce ta jikinsa bai karɓa ba, a nufi asibiti ba jira.

Zafin Legas bai kai na bazarar Zariya a ma'auni ba, amma iskar cike take da laima, gumi ba ya bushewa. Shadda mai sitaci a bar ta don Juma'a. Sauran kwanaki yadin auduga marar nauyi. Yara sukan yi ƙurajen zafi, maganinsu wanka sau biyu da kaya sakakku. A jakar magani a sa farasitamol, sinadarin gishiri da sukari na gudawa ƙulli shida, filasta, man korar sauro, da maganin da wani ke sha kullum wanda zai wuce kwanakin tafiya da kwana uku. A sha ruwan gora ko na leda mai lambar NAFDAC.

Kuɗi da komowa

Farashi yana sauyawa da sauri, don haka a tambayi na makon da za a tafi. Abin da ba ya sauyawa shi ne inda lissafi ke yoyo: kuɗin ƙofa, rumfa, fakin, ɗan jagora, hawan doki na yara, da ƙarin kuɗin motar haya lokacin ruwa ko cunkoso. Bayan an haɗa jimilla, a ɗora kashi 15 zuwa 20 cikin ɗari a ajiye gefe, kuɗin tsaraba kuma a raba shi da na hutu tun daga gida. A riƙe katin banki biyu na bankuna daban-daban, saboda ranar da taransifa ta ƙi tafiya.

Don komowa a zaɓi jirgin hantsi ko na rana, a bar masauki awa uku da rabi kafin tashinsa. Jirgin yamma yana nufin shiga cunkoson masu tashi daga aiki, sannan a sauka Kano ko Kaduna da dare a kama hanyar Zariya cikin duhu. Daren ƙarshe a ɗauraye duk abin da ya taɓa ruwan teku da ruwan famfo, har zif ɗin jaka da takalma, gishiri yana cin ƙarfe. Abin da bai bushe ba a sa shi a leda daban. A kira mai gida ya duba ɗakuna kuna tsaye, a karɓi kuɗin ajiya ko rubutaccen alkawarin ranar biya. Duk wanda ya yi zazzaɓi cikin mako biyu da dawowa, a yi masa gwajin maleriya kafin a ba shi magani, a kuma faɗa wa likita inda aka je.